Kishin da Kannywood ba ta taɓawa

A 1994 daraktan Faransa Claude Chabrol ya fitar da fim mai suna L'Enfer, wato Jahannama. Babu bindiga a cikinsa, babu aljani. Wani saurayi ne, Paul, ya ci bashi ya sayi otal a bakin tafki, ya auri kyakkyawar yarinya Nelly, suka haifi ɗa namiji. Daga nan barci ya ƙaurace masa. Ya koma shan ƙwayar barci da giya, wata murya ta riƙa raɗa masa cewa matarsa na cin amanarsa. Ta yi dariya da baƙo, laifi. Ta shiga gari sayayya, ya bi sawunta a ɓoye. Akwai daren da wani baƙon otal ya haska hotunan hutu da ya ɗauka, kowa na kallon tafki da rana, Paul kuwa matarsa yake gani a jikin wani bakanike. Ƙarshe dai har ɗaure ta ya yi a gado.

François Cluzet da Emmanuelle Béart ne suka fito a matsayin ma'auratan. Asalin labarin na Henri-Georges Clouzot ne, wanda ya fara ɗaukarsa a 1964 da Romy Schneider, ciwon zuciya ya kwantar da shi aikin ya tsaya, sai bayan shekara 30 Chabrol ya ɗauko rubutun.

Dabarar Chabrol ita ce ya zaunar da mai kallo cikin kan mijin, har a kasa bambance abin da ya faru da abin da Paul ya saƙa a ransa. Irin wannan kishi kuwa ba baƙon abu ba ne a Potiskum. Gari ne na kasuwar shanu da manyan motoci. Direba zai yi lodin shanu ya nufi Legas ko Fatakwal, ya kwana da yawa a hanya, amarya tana gida. Yawancin direbobin sun bar wa Allah, suna zaune lafiya da iyalinsu. Amma kowace unguwa ta san irin mutumin da zai kira matarsa da tsakar dare, in ya ji layin a riƙe ya fara: «Ke da wa kike magana?» In ya dawo, kafin ya sha ruwa wayarta zai karɓa. Ya hana ta biki, ya hana ta gidan iyayenta, ya sa ƙaninsa gadin ƙofa. In ta yi yaji, uwarta ta ce, «Ki yi haƙuri 'yar nan, so ne ya kawo haka,» a mayar da ita ɗakinta.

A nan Kannywood ta yi sake. Kishi a finafinan Hausa kusan kullum na mata ne: uwargida da amarya, boka, barbaɗe a tuwo, uwar miji tana hura wuta. Ko da aka taɓo zargin miji, kamar a tsohon fim ɗin nan Wasila da Ali Nuhu ya fito a ciki, matar ce ke da laifi da gaske. Mijin da matarsa ba ta yi komai ba amma zargi ya cinye shi, da wuya a ba shi fim guda nasa. Wataƙila masu shiryawa na tsoron maza su ga kansu a madubi.

Shari'a ba ta ɗauki zato a matsayin hujja ba. Namijin da ya tuhumi matarsa da zina ba tare da shaidu huɗu ba, hanyarsa li'ani ce a gaban alƙali kamar yadda Suratun Nur ta tsara: rantsuwa huɗu, ta biyar ya kira wa kansa tsinuwa in ƙarya yake yi, ita ma ta rantse, a raba su har abada a mazhabar Malikiyya. Mai zargi irin na Paul ba ya zuwa nan. Ba zai rantse ba, ba zai saki ba, ba zai daina tuhuma ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan cuta, har suka raɗa mata sunan Othello, jarumin wasan Shakespeare da ya kashe matarsa kan zargi. Sukan same ta tare da shaye-shaye ko wata larurar ƙwaƙwalwa, ana kuma yi mata magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Maiduguri, tafiyar sa'o'i kaɗan daga Potiskum ta Damaturu. Wahalar ita ce wa zai tunkari magidanci mai mota da rufin asiri ya ce masa shi ne marar lafiyar. Dangin miji ya kamata su yi, don matar in ta faɗa, maganarta ma sai ta zama wata sabuwar hujja a wurinsa. A fim ɗin ma likitan garin dabara ya yi, ya nuna wa Paul kamar Nelly ce za a kai asibiti da safe.