An soke hukuncin kisa, amma ɗakin tsare bai samu labari ba

A ƙarshen watan Afrilun 2020 majalisar dokokin Chadi ta soke hukuncin kisa baki ɗaya, har ga wanda aka samu da laifin ta'addanci. Ƙasashen waje suka yi ta yabo. Amma a tsakiyar wannan watan, a nan Njamena, an wayi gari da gawa 44 a ɗakin tsare mutane. Suna cikin mutum 58 da aka kwaso daga yankin Tafkin Chadi bisa zargin Boko Haram, bayan farmakin da sojoji suka kai don rama harin Bohoma. Babu ko ɗaya da aka yanke wa hukunci. Mai gabatar da ƙara ya ce guba ce. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, ta yi nata bincike, ta ce cunkoso ne da zafi da ƙishirwa da yunwa.

Wanda ya san Njamena a watan Afrilu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ni da nake koyarwa, idan rana ta take, aji mai tagogi a buɗe ma sai ka ga yara sun yi laushi, kowa na neman ruwa. To ina ga ɗakin da aka kulle, aka cusa manya kamar buhunan gero?

Wannan ba shi ne farau ba. A watan Satumban 2011 mutum 9 sun mutu a ɗakin jandarmomi na Lere saboda rashin iska, sa'o'i kaɗan bayan an kulle su. A 2012 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto kan gidajen kaso na Chadi, abin da ta lissafa shi ne cunkoso, ƙarancin abinci da ruwa, da rashin magani. Bayan zanga-zangar 20 ga Oktoban 2022, an loda ɗaruruwan mutane a manyan motoci zuwa Koro Toro, cikin hamada, kusan kilomita 600 daga nan. Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 4 sun mutu a hanya, 6 kuma a cikin gidan. A can aka yi wa mutum 401 shari'a cikin 'yan kwanaki, lauyoyi sun ƙaurace. Aka ɗaure 262, aka yi wa 80 ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, aka wanke 59. A lura da waɗannan 59 ɗin. Kotu da kanta ta ce ba su da laifi, amma hanya ɗaya suka bi da sauran, ƙishirwa ɗaya suka sha.

Abin da nake son faɗa ke nan: alƙali ne kaɗai ke da ikon cewa ga hukuncin mutum, kuma abin da ya yanke shi ne iyakarsa. Idan ya ce shekara biyu, to shekara biyu ce ta rashin 'yanci. Bai ce a haɗa da tarin fuka ba, bai ce a hana ruwa ba. Duk abin da aka ƙara a kai, hukunci ne da babu wanda ya sa masa hannu. Wanda kuwa ba a kai shi gaban alƙali ba, ko wannan shekara biyun ba a binsa.

Na san abin da wasu za su ce, domin nakan ji shi a majalisa bayan sallar Isha'i. Ɓarawon da ya fizge maka waya a kan babur, ko ya tare ka da wuƙa, ai bai tausaya maka ba, don me za a tausaya masa? Takaicin gaskiya ne, kuma ba na cewa a buɗe ƙofa kowa ya fice. Mai laifi a hukunta shi. Sai dai, jama'a, wa ya ce muku duk wanda ke ciki ɓarawo ne? Akwai wanda rikicin bashi ya kai shi. Akwai wanda aka kwashe a samame don ba ya ɗauke da katin shaida. Akwai wanda takardarsa ta ɓace tsakanin ofis da ofis, ya shekara yana jiran a kira sunansa. Shi kansa ɓarawon wata rana zai fito, kuma unguwarmu zai dawo. In an haɗa ɗan shekara 17 da ƙwararrun 'yan fashi ɗaki guda, sana'a aka kai shi koyo.

Ƙasar nan ta fi kowa sanin inda wannan hanya take kaiwa. A zamanin Hissène Habré, daga 1982 zuwa 1990, wurin ninƙaya aka rufe da kankare aka mai da shi kurkuku a tsakiyar birnin nan. Sai a 2016 wata kotu a Dakar ta yi masa ɗaurin rai da rai. Waɗanda suka tsira suna nan da ransu, muna gaisawa da su a kasuwa.

An rushe tsohon gidan kaso na cikin gari a 2011, aka koma Amsinene, daga baya aka gina sabo a Klessoum. Gini abu ne mai kyau. Amma muddin ƙofar shiga tana da faɗi, ta fita kuma ƙunci, kowane sabon gini cika zai yi. Gyaran na gaske ba ya buƙatar siminti da yawa. Doka ta ce awa 48 ake riƙe mutum a hannun 'yan sanda ko jandarma kafin a miƙa shi ga shari'a, sai in mai gabatar da ƙara ya ƙara wa'adi. A bi wannan. Alƙalai su riƙa shiga gidajen kaso da kansu, su duba rajista suna bayan suna, wanda ya daɗe ba shari'a a gaggauta masa ko a ba da belinsa. Ƙananan laifuka a ci tara ko a sa aikin gayya. A raba yara da manya. A bar CNDH ta shiga ba tare da sanarwa ba. Ruwa da iska kuwa, musamman daga Maris zuwa Mayu, kada su zama abin da sai mai kuɗi.

Mu Hausawan ƙasar nan muna da namu rabon a wannan magana. Ba mu da yawa, kuma da yawanmu 'yan kasuwa ne da 'yan ci-rani da direbobi, wasu danginsu na Kano ko Damagaram. Irin wannan mutum in aka kulle shi, ba mai kai masa tuwo, ba mai bin takardarsa. Shi ne ake mantawa da shi. Me zai hana kwamitocin masallatanmu da masu unguwanni su riƙe jerin sunayen namu da ke tsare, a riƙa kai ziyara, a haɗa kuɗin lauya kamar yadda ake haɗa na biki da na jana'iza?

Tun muna makarantar allo aka gaya mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta ci ba, ba ta sake ta ba. Kyanwa fa. Bazara na tafe, kuma akwai 'ya'yan mutane a bayan ƙofofin da makullinsu ke hannun hukumar da ke aiki da sunanmu.