Tsaunukan Dallol Bosso: hoto ba ya kai darajar rai

Nijar ba ta da teku, amma ƙasar Kurfai tana da gaɓa. Duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Filinge ta Baleyara, tafiyar kusan kilomita 180, ya ga jajayen tsaunukan da ke gefen Dallol Bosso, kwarin tsohon kogin da ya taso daga Azawak ya ƙafe tun zamanin da. A yau matasa da 'yan ci-rani da suka dawo gida ganin dangi suna hawa can da wayoyinsu, su ɗauki hoto su saka a Facebook da TikTok. Abin a yaba ne, domin an daɗe ba a jin sunan jihar Tillaberi sai a labarin hari.

Sai dai dutsen ba irin na Damagaram ba ne mai tauri. Samansa marmara ce, ƙarƙashinta kuma dutsen yashi da laka masu saurin zaizayewa. Ruwan sama da iska suna cin ƙasan, su bar saman yana reto kamar rumfa. Mai tsayuwa a baki yana ganin ƙasa sosai ƙarƙashin ƙafarsa, alhali ɓawo ne kawai. Abin ya fi muni da damina, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da laka ta jiƙe, kuma korama kan cika cikin ɗan lokaci da ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa. Da bazara kuwa zafi kan haura digiri 40, ga kububuwa da kunama a cikin ramukan duwatsu, asibiti kuma ba kusa ba.

Wani bincike da aka wallafa a Indiya a 2018 ya ƙirga mutum 259 da suka mutu a duniya wajen ɗaukar hoton kansu tsakanin 2011 da 2017, akasarinsu samari. Mai kallon fuskar waya ba ya kallon inda yake taka ƙafa.

Abin takaici, hoton da ake sayar da rai dominsa ba shi ne mafi kyau ba. Tsaunin ya fi fita idan an ɗauke shi daga ƙasa, daga cikin kwarin, da sassafe ko da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta kwanta a jikinsa ja ya fito.

Haɗari na biyu ya fi na dutse girma. Sassan Tillaberi suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, an kuma sha hana zirga-zirgar babura. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa. Baƙon da aka gani a kan tudu yana nuna waya ko'ina zai iya jawo zargin jami'an tsaro, musamman idan sansani ko shingen bincike ya shiga hoton. Wanda kuma ya saka bidiyo kai-tsaye da sunan ƙauye, ya nuna garke da rijiya, shi zai koma Yamai ko Kwatano, mutanen ƙauyen su ne za su kwana a wurin.

Don haka mai niyyar hawa ya fara gaida mai gari, ya nemi ɗan gari ya raka shi, ya sanar da 'yan uwa inda ya nufa da lokacin dawowa, ya sauko kafin magariba. Hoton ya jira sai an bar yankin kafin a saka shi, kuma kada a ɗauki makiyayi ko mace a bakin rijiya ba da izininsu ba.

Hukumomin Filinge ma da nasu aikin. Su fayyace wuraren da aka yarda a je da waɗanda aka hana, a sanar a gidajen rediyon yankin da Hausa da Zabarmanci da Tamashek, a kuma horar da samarin ƙauyukan da ke gindin tsaunukan su zama 'yan rakiya masu ɗan abin samu.