Ƙiriniyar Kwikwiyon Teriya da Haƙƙinsa a Kan Mai Gida

Daga cikin sababbin al'adun da suka shigo manyan biranenmu tare da wadata da yawan tafiye-tafiye akwai ajiye ƙananan karnukan Turai a cikin gida, kuma daga cikin irin waɗannan karnuka babu wanda ya fi saurin shiga ran yara, kana ya fi saurin jefa iyayensu cikin nadama, kamar ɗan ƙaramin farin nan mai dabbaren ja ko baƙi a fuska wanda ake kira teriya, musamman reshensa da ya shahara da sunan Jack Russell. Mutum zai gan shi yana ɗan wata biyu, bai wuce a tallafe shi da hannu ɗaya ba, sai ya zaci ya sami dabba mai sauƙin sha'ani wadda za ta kwanta a gindin kujera tana kaɗa wutsiya; kafin wata ya zagayo sai ka ji ana cewa ya tauna takalmin maigida, ya tone shukar uwargida, ya yage labule, ya hana maƙwabta barci, daga nan sai a yanke masa hukuncin cewa shaiɗani ne, a aika kasuwa a sayo sarƙa. Ra'ayin da nake so in shimfiɗa wa masu karatu shi ne, galibin abin da ake kira ƙiriniyar wannan dabba sana'a ce da aka gina jinsinsa a kanta tun shekaru ɗari biyu da suka shuɗe, kuma duk wanda ya shigo da shi gida alhali bai tanadar masa madadin wannan sana'a ba, to, shi ne ya fara zalunci tun kafin karen ya taɓa takalmi.

Asalin lamarin yana ƙasar Ingila. An yi wani malamin coci mai suna John Russell, wanda aka haifa a shekarar 1795 ya kuma mutu a 1883, ya yi fiye da shekara arba'in yana jagorancin cocin wani ƙauye da ake kira Swimbridge a lardin Devon, amma abin da mutanensa suka fi saninsa da shi son farauta ne. Tun yana ɗalibi a Oxford, wajen shekarar 1819, ya ga wata 'yar farar karya mai suna Trump a hannun wani mai tallan madara, ya saye ta, daga gare ta kuma ya soma fid da irin da yake bukata. Attajiran Ingila na wancan zamani suna farautar jar yanyawar ƙasarsu bisa dawaki tare da garken manyan karnuka, ita kuwa idan ta ji wuya sai ta faɗa rami inda babban kare ba shi da ikon shiga. Saboda haka aka nemi ƙaramin kare mai siririn ƙirji wanda zai kutsa cikin ramin, cikin duhu, shi kaɗai, inda ubangidansa ba ya ganinsa balle ya umarce shi, ya tsaya fuska da fuska da dabbar da ta kai shi girma ko ta fi, ya yi ta haushi har ta ƙosa ta fito fili. An fi son fari domin kada mahaya su kasa bambanta shi da abin farautar idan sun ɓullo tare. To, mai karatu ya auna waɗannan sifofi da hankalinsa, watau tonon ƙasa, da haushin da ba ya yankewa, da taurin kai, da rashin tsoro, da zartar da abu ba tare da jiran umarni ba, zai tarar su ne ainihin laifuffukan da ake lissafa wa kwikwiyo yau a tsakar gida, alhali kuwa su ne falalolin da aka yi ta zaɓen kakanninsa dominsu.

Sauran danginsa ma haka suke, tun daga Airedale wanda ya fi su girma har zuwa ɗan mitsitsin Yorkshire, don kuwa yawancinsu an raya su ne a gonaki da masaƙu da ma'adinai domin kashe ɓeraye. Har caca aka riƙa yi da su a birnin Landan, mummunar caca, inda aka rubuta cewa wani kare mai suna Billy ya kashe ɓera 100 cikin minti biyar da rabi a shekarar 1823. Majalisar Birtaniya ta hana farautar yanyawa da garken karnuka a Ingila da Wales da dokar shekarar 2004, amma doka ba ta shiga jini, hali kuwa zanen dutse ne. Karen ya rasa aikinsa, ɗabi'ar tana nan daram.

A kan wannan gado kuma sai a ɗora ƙuruciya. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, waɗanda yake famfararsu tun daga wajen wata uku ko huɗu, har manya 42 su gama fitowa wajen wata shida zuwa bakwai, kuma a tsawon wannan lokaci dasashinsa yana ƙaiƙayi da zafi, ba ya samun sa'ida sai ya ciji abu. Idan ba a ba shi abin tauna nasa na kansa ba, lalle zai zaɓa da kansa, kuma abin da zai fara zaɓa shi ne wanda ya fi ɗauke da ƙanshin mutumin da yake ƙauna. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne cewa ɗan kwikwiyo yana bukatar barcin da ya kusa awa 18 a yini da dare, kuma haukan gudun nan da yakan tashi da shi da almuru, yana zagaya tsakar gida yana cafkar ƙafafun yara, sau da yawa alamar gajiya ce ta dabbar da yara suka wuni suna jagwalgwalawa ba su bar ta ta runtsa ba. Masana biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, waɗanda suka yi shekaru suna nazarin kwikwiyoyi a Bar Harbor ta jihar Maine suka kuma wallafa sakamakon a 1965, sun nuna cewa tsakanin mako uku zuwa kamar mako goma sha biyu na rayuwar kare ne yake koyon abin da zai saba da shi da abin da zai ji tsoro. Abin da ya gani cikin lumana a wannan ɗan taƙi, ko akuya, ko kaza, ko ƙarar babur, ko baƙo mai babbar riga, zai zauna da shi lafiya, abin da bai gani ba kuwa zai yi masa wuyar karɓa daga baya. Shi ya sa raba shi da uwarsa kafin ya cika mako takwas kuskure ne babba, domin a wurinta da wurin 'yan'uwansa yake koyon iyakar cizon wasa.

Na ga wannan al'amari da idona a gidan wani dattijo maƙwabcina, wanda ɗansa ya kawo wa ƙannensa irin wannan kwikwiyo ya koma wurin aikinsa ya bar su da shi. Bayan ya tone gindin lemon da ke tsakar gida har saiwa ta bayyana, ya kuma kashe 'yan tsaki, sai aka ɗaure shi da gajeruwar sarƙa a jikin turken tankin ruwa, inda rana take dukansa tun hantsi; na tarar ya zagaya turken har ƙasar wurin ta zama kwari, gashin wuyansa ya soma zubewa, muryarsa ta dushe don haushi, kwanon ruwansa a kife. Wanda ya cece shi maigadin gidan ne, wani tsoho wanda ya yi farauta da karnuka a ƙuruciyarsa. Ya rusuna ya ce wa maigidan, "Ranka ya daɗe, wannan ba mugu ba ne, zaman banza ne ya ishe shi. A ba ni shi." Dattijon ya ce, "Malam, in ka iya da shi, ga ka ga shi."

Abin da tsohon nan ya yi babu sihiri a ciki. Da asuba bayan ya dawo masallaci sai ya sa masa igiya ya zagaya unguwa da shi, yana barinsa ya sunsuna duk abin da ya ga dama, haka kuma da la'asar sakaliya. Ya ware masa wata kusurwa a bayan gida ya zuba yashi, yana binne masa tsumma ko guntun igiya a ciki yana kallo, har karen ya gane cewa nan ne wurin tono, duk sa'ad da ya nufi gindin lemo kuwa sai ya ɗauke shi ba hayaniya ya kai shi kan yashin. A aljihunsa kullum akwai 'yan gutsattsarin busasshiyar hanta wadda ba a sa wa yaji ko albasa ba. Ya kira sunansa sau ɗaya tak, in ya zo ya jefa masa guda a take, in bai zo ba ya ƙyale shi, bai taɓa kiransa don ya dake shi ba. Idan ya cafki hannunsa da wasa sai ya janye hannun ya juya masa baya, wasa ya ƙare ke nan. Darasin ba ya wuce 'yan mintoci, amma ana maimaita shi safe da rana da maraice. Daga bisani ya buɗe masa ɗakin ajiyar hatsi inda ɓeraye suka addabi buhunan masara, bayan ya tabbatar an kwashe duk maganin ɓeran da aka zuba, gama wannan guba tana kashe kare kamar yadda take kashe ɓera. Na tsaya a bakin ƙofa na ga yadda ɗan abin nan ya sandare, ƙafa ɗaya a ɗage, kunne a miƙe, jikinsa yana ɓari, sa'an nan ya faɗa bayan buhu kamar an harba shi. Daren nan unguwa ta yi barci. Kaji dai har yau ba a yarda da shi a kansu ba, kuma daidai ne kada a yarda, sai aka yi musu akurki mai ƙarfi.

A nan ya zama wajibi in taɓo abin da ke ran kowane mai karatu Musulmi. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron shuka ba, ladansa yana raguwa kowace rana da ƙiraɗi ɗaya ko biyu, bisa saɓanin ruwaya, kuma Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar nan da ake karantawa a zaurukanmu, ya tafi a kan haka; sai dai masu sharhi sun hakaito cewa shi kansa ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta rushe yana tsoron maƙiya, daga nan kuma malamai da yawa suka yi ƙiyasin tsaron gida a kan abubuwa ukun nan idan akwai larura. A mazhabar Imamu Malik jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai kuwa ana ɗaukarsa ta'abbudi, watau bin umarni kawai, ba don najasa ba. Fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi nasa. Amma abin da ya bayyana gare ni shi ne, ajiye kare don ƙawa da alfahari da kwaikwayon abin da aka gani a talabijin ba shi da madogara, kuma muhallinsa tsakar gida ne da rumfarsa mai inuwa, ban da ɗakin kwana da wurin salla. Abin da ya fi jan hankalina shi ne darajar da shari'a ta bai wa karen da aka horar, har Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da ya kamo, fuƙaha'u kuma suka siffanta horarre da cewa shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Wannan sharaɗi ne da ba ya samuwa sai da haƙuri da maimaici, kuma shi ne daidai abin da tsohon maigadin nan ya cim ma da gutsuren hanta.

Bulala kuwa ba ta kai mutum nan. Kare yana danganta sakamako ne da abin da yake yi a daidai wannan ƙiftawar ido, saboda haka wanda ya dawo daga kasuwa ya tarar da yagaggen takalmi ya hau dukansa, abin da ya koya masa shi ne dawowar maigida musiba ce. Teriya kuma, da yake an gina jinsinsa a kan kada ya ja da baya, duka yakan mai da shi ko dai mai cizo ko mai ɓuya. Wanda ya san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ba ya bukatar Bature ya koya masa cewa gajeruwar sarƙa a cikin rana zunubi ce.

Haƙƙi na gaba ya shafi maƙwabta da 'ya'yansu. Ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 kowace shekara a duniya, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kaso mai yawa daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu mai tsira. Allurar rigakafinsa ana yi wa kwikwiyo ita yana da wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos ta daɗe tana sarrafa ta a ƙasar nan. Kafin wannan kuma akwai alluran da ke kare shi daga ciwon gudawar jini mai kashe kwikwiyoyi, da maganin tsutsar ciki da na kaska. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka ko jiran ya ga abin da zai faru.

Irin wannan kare yakan rayu shekara 13 zuwa 16, ba ya kuma fara natsuwa sosai sai ya haura shekara biyu. Yaron da ya yi kuka aka sayo masa shi yana aji huɗu na firamare zai tafi makarantar kwana, ya shiga jami'a, watakila ya yi aure, karen yana nan yana bukatar yawonsa na safe da na maraice, da abincinsa, da allurarsa. Saboda haka mai gida ya dubi kansa da iyalinsa ya ga ko akwai baligi guda da zai ɗauki wannan amana har ƙarshenta, in babu kuwa, ya bar kwikwiyon a wurin uwarsa ya nemi kyanwa don ɓerayensa.