Da Yayyafi Kogi Kan Cika

'Yan'uwa 'yan makaranta, akwai wata magana da na ke so mu duba tare. Da yawa daga cikinmu su kan ce suna da niyyar rubuta littafi, ko shirya waƙa, ko wasan kwaikwayo, amma sai in an tashi hutu. Hutu ya zo ya wuce, takarda tana nan fara fat. A ganina ba rashin basira ke kawo haka ba, jiran babbar rana ne. Ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Mu dubi waɗanda suka riga mu. A cikin 1933 Dokta East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Malam Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja, yana koyarwa ne a Midil ta Katsina. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, malamin makaranta ne a Bauchi. Suna da aji, suna da littattafan yara na dubawa, kamar yadda mu ma za mu samu. Aiki bai hana su ba.

A Ingila an yi wani marubuci, Anthony Trollope, ma'aikacin gidan waya, wanda ya rasu a 1882. Ya kan zauna da ƙarfe biyar da rabi na asuba, ya ajiye agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalmomi 250 a kowane minti 15, sa'an nan ya tafi ofis. Da haka ya bar littattafan ƙagaggun labarai 47.

Ban ce mu yi tsere da shi ba. Amma ga lissafi mai sauƙi wanda ɗan firamare zai iya. In mutum ya rubuta kalmomi 100 kowace rana, wato kamar layi 10 na littafin rubutu, a shekara ya tara 36,500. Wannan kuwa littafi ne sosai.

Wani zai ce, ina lokaci ya ke? Ga shirin darasi, ga gwajin koyarwa, ga jarrabawa. Gaskiya ne, aikinmu da yawa. Amma wa zai ce ba ya ɓad da minti 15 wajen hira a bakin ɗakin kwana? Wani kuma zai ce abin da aka rubuta a gaggauce ba ya yin kyau. I, na farko ba zai yi kyau ba. Tukunyar farko ta mai ginin tukwane ma a karkace ta ke, hannu ne ke faɗawa da yawan yi. Ana iya gyaran rubutu maras kyau, amma ba mai iya gyaran abin da ba a rubuta ba.

Ga shawarata. Ka keɓe littafin rubutu guda don wannan aiki kaɗai. Ka zaɓi lokaci ɗaya, ko da asuba ko bayan abincin dare, kada ka riƙa sake shi. Ka tsaya tun kana da sauran abin faɗi, don gobe ka san inda za ka kama. Kada ka gyara kome sai ran Asabar. In wata rana ta kuɓuce maka, ka ci gaba kashegari, kada ka ce sai ka biya bashi.

In ka rasa abin rubutawa, ga shi nan a gida. A cikinmu akwai masu jin Angas, da Birom, da Tangale, da waɗansu harsuna waɗanda littattafan karatun yara ba su da yawa a cikinsu. Tatsuniyoyi da karin magana da waƙoƙin niƙa suna bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Tatsuniya guda a mako ita ce 52 a shekara. In malamin ƙauye bai rubuta su ba, wa zai rubuta?

Saboda haka, jama'a, kada mu jira hutu. Kowa ya ɗauki alƙalami yau da dare ya cika layinsa 10.