Ku Daina Dukan Yaro Kan Kashin Wando

Yau da haushi na zo, kuma kaina na fara jin haushi.

Ɗana yana da shekara bakwai ya fara ɓata wando da rana tsaka. Na dake shi, malaminsa na Islamiyya ya dake shi, yara suka sa masa suna. Wata maƙwabciya ta ce ɗankanoma ne, mai kemis ya ce gudawa ce ya ba mu maganin tsayar da ita. Wata biyar muna wannan hauka kafin wani likita a cikin Kaduna ya taɓa cikin yaron ya ce mini: “Malam, ai cikin nan cike yake da busasshen kashi.”

Ga yadda abin yake. Yaro ya taɓa yin kashi mai tauri ya ji zafi, sai ya fara riƙewa. Ko kuwa ramin masai ne yake tsoro, ko makarantarsu babu bayi mai tsabta. Kashin ya taru a ƙarshen hanji ya bushe, hanjin ya buɗe, har yaron ya daina jin alamar bayan gida. Sai mai ruwa-ruwan da ke sama ya bi ta gefe ya zubo a wando ba tare da ya sani ba. To don Allah, me bulala za ta gyara a nan? Maganin gudawar da muka ba shi ma ƙara toshe shi ya yi.

Za a ce mini haka iyayenmu suka yi mana tarbiyya. Na ji. Amma iyayenmu tuwo da miyar kuka da wake suka ba mu, mu kuwa Indomie da biredi muke ɗura wa yara safe da dare, sannan mu ɗauko dorina.

Magani yana nan, sai dai yana son haƙuri. Likita zai fara fitar da abin da ya taru, sannan ya ɗora yaro kan mai laushin kashi irin su laktulos, na watanni, ba na kwana uku ba. A zaunar da shi a fo minti 5 bayan ya ci abinci, a ba shi ruwa da gwanda da ganye. A daina ɗura masa ruwan sabulu ta dubura.

Jariri kuwa da ya wuce awa 48 bai yi kashin farko ba, ko cikinsa ya kumbura yana amai kore, wannan na iya zama cutar Hirschsprung mai bukatar tiyata. A garzaya Barau Dikko ko Shika, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Nawa ya warke, alhamdulillahi. Amma har yau in na ɗaga hannu zan gyara hula, sai ya kauce.