Aikin Sa-kai a Kamfanoni: Lokacin Wa Ake Bayarwa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Tun shekarar 2007 kamfanin sadarwa na MTN ke ware kwanaki 21 a watan Yuni domin ma'aikatansa su fita yi wa al'umma hidima a ƙasashen da yake aiki, har da Nijeriya. A Amurka kuwa, Salesforce na bai wa ma'aikaci kwana 7 a shekara, albashinsa na tafiya, ya je ya taimaka inda ya zaɓa.

Yaya shi ma'aikacin yake kallon irin wannan goyon baya? A fahimtata, ma'auninsa guda ne: lokacin wa aka bayar? Idan daga sa'o'in aiki aka yanka, zai ga kamfani ya taɓa aljihunsa da gaske. Idan kuwa Asabar ɗinsa aka ɗauke, ranar da zai kai yara Islamiyya ya leƙa mahaifiya, aka sa masa riga mai tambari, mai ɗaukar hoto na biye, to ƙafarsa za ta fita amma zuciyarsa na gida. Wani matashi mai aiki a wata ma'aikata ya tare ni bayan La'asar, ya ce: "Malam, an ce na ganin dama ne, amma ana rubuta sunan wanda bai zo ba."

Fiƙihu ya riga ya warware rabin matsalar. Wanda aka ɗauka aiki na ƙayyadadden lokaci, malamai na kiransa ajirun khas, kuma sa'o'in nan haƙƙin wanda ya ɗauke shi ne. Ba zai karkatar da su zuwa aikin nafila ba, komai kyansa, sai da izini. Ke nan izinin kamfani kyauta ce mai nauyi, ya kamata a gode. Amma abin da ke wajen yarjejeniya ba a tilasta shi, kuma wanda tsoron rasa ƙarin girma ya fito da shi ba sa-kai ya yi ba, ƙarin aiki ya yi ba biya.

Batun hoto bai dame ni sosai ba. Kamfani suna yake nema, wannan sha'anin kasuwa ne, kuma niyyarsa ba ta shiga zuciyar ma'aikaci ta ɓata masa lada. Maraya dai ya ci, aji ya samu fenti.

Matashin nan na ce masa ya gyara niyya ya je idan yana da sarari, sannan ya tambayi shugabansa cikin ladabi ko rashin zuwa na shiga rahoton ƙarshen shekara.