Dokar kare bayanan sirri ba ta da amfani idan talaka bai san da ita ba

Duk wanda ya sayi layin waya ko ya aika kuɗi daga Maraɗi zuwa Yamai sai ya miƙa katin shaidarsa, a ɗauki hotonsa, a rubuta lambarsa. Ina waɗannan bayanai suke zuwa, kuma wa zai amsa idan suka faɗa hannun ƴan damfara?

A Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta ba mutum damar ganin abin da kamfani ya tara a kansa, ya gyara ko ya nemi a goge. Tararta tana iya kaiwa kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya, kuma a 2023 hukumar Ailan ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar yuro miliyar 1 da miliyan 200. Amurka kuwa ba ta da doka ɗaya ta tarayya mai rufe komai, sai dokokin jihohi irin ta Kalifoniya, don haka kariyar mutum ta danganta da inda yake zaune.

Afirka ma ba ta rasa dokoki ba. Yarjejeniyar Malabo ta 2014 ta fara aiki a 2023, Najeriya ta yi dokarta a wannan shekarar, Nijar kuma ta riga ta, domin tana da tata tun 2017, an sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP mai sa ido.

Bambancin yana wajen aiwatarwa. Kamfanoni suna tsoron dokar Turai ne saboda mutane suna kai ƙara, hukumomi kuma suna da ma'aikata da kuɗin bincike. A Nijar an rubuta dokar da Faransanci, alhali mai sayar da albasa a Tawa ko matar da aka yi wa rajistar tallafi a wani ƙauyen Damagaram sun fi jin Hausa. Wanda bai san yana da hakki ba, ba zai kai ƙara ba.

Wasu za su ce ƙasar da ke fama da matsalar tsaro tana da abin da ya fi wannan gaggawa. To amma jerin sunaye da lambobin waya da adireshi, idan ya shiga hannun masu garkuwa da mutane, ai ya zama makami.

Tunda Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, ya kamata HAPDP ta fassara hakkokin nan, ta kai su gidajen rediyon al'umma, ta buɗe hanyar kai ƙara ta waya, kuma ta riƙa bayyana sunayen waɗanda ta hukunta. Ofisoshin gwamnati ma su shiga cikin binciken, domin su ne suka fi kowa riƙe bayanan jama'a.